Hasumiyar Doki, Kotun Ruwa da Kunun Aya: Sifaniya a Taƙaice

 Jakar yau ta cika da tsarabar Sifaniya, tun daga tsofaffin biranen Andalus har ƙauyukan masunta na bakin teku, inda zafin rana da neman ruwa suka koya wa mutane dabaru iri-iri. A gyara zama!

Kafin komai, a gyara agogon ciki: abincin rana sai ƙarfe 2 ko 3, na dare kuwa sai 9 ko 10, kuma wanda ya shiga gidan abinci ƙarfe 7 na yamma zai tarar ko wuta ba a kunna ba. Tun 1940 aka tura agogon ƙasar gaba da awa ɗaya, ba a kuma dawo da shi ba, shi ya sa agogo ke gudu rana na biye a hankali. A tafi da gyaɗa a aljihu.

A ƙananan garuruwa, daga ƙarfe 2 zuwa 5 na yamma shaguna a rufe suke ruf, titi ya yi tsit, karnuka ma sun nemi inuwa. Mai neman batir ko maganin ciwon kai ya yi haƙuri sai rana ta yi sanyi. Barcin rana a nan sana'a ce mai lokaci.

A Sebiya, wadda littattafan Larabci ke kira Ishbiliya, akwai hasumiyar tsohon masallaci da aka kammala a 1198, kuma maimakon matakala, hanya ce mai gangare, hawa fiye da 30, ke kewayawa a cikinta har sama. An ce an yi haka ne don ladan ya hau bisa doki ko jaki sau biyar a yini. Allah ya saka wa maginan, sun tausaya wa gwiwar ladan.

Da birnin ya koma hannun Kiristoci, ba su rushe hasumiyar ba, sai suka ɗora mata ɗakin ƙararrawa, a 1568 kuma suka kafa wani mutum-mutumin tagulla a ƙololuwa. Nauyinsa ya haura tan ɗaya, amma iska na juya shi duk inda ta nufa. Ƙato mai saurin jin magana.

Dubun-dubatar itatuwan lemo ne suka jeru a titunan Sebiya, kuma duk lokacin sanyi sai baƙo ya tsinki ɗaya ya gatsa, ya yamutsa fuska, domin ɗaci da tsami ne zalla. 'Yan gari inuwa da ƙamshin furen suke so, 'ya'yan kuwa Ingilawa ne ke dafa su da sukari su shafa wa burodi. Kowane allazi da nasa amanu.

Da zafi ya kankama, sai a shimfiɗa manyan fararen ƙyallaye daga rufin bene zuwa rufin bene a saman titunan kasuwa, mai sayayya ya yi ta yawo a inuwa. Gari guda an yi masa rumfa.

Sebiya na da nisan kusan kilomita 80 daga teku, amma daga bakin koginta jirage 5 suka tashi a 1519, ɗaya tak ya dawo a 1522 da mutum 18 a ƙanjame, bayan ya kewaye duniya karo na farko a tarihi. Kanumfarin da ya ɗebo kuma ya biya kuɗin tafiyar. Kayan yaji ba wasa ba.

Tsakanin Sebiya da Kurɗuba akwai Esiha, garin da 'yan ƙasar da kansu suka yi wa laƙabi da kaskon suyar Andalus, domin a watan Yuli zafinsa kan wuce digiri 40 ba tare da neman izini ba. Mai cewa Turai duk sanyi ce, ga adireshi nan.

Sai Kurɗuba, inda aka fara gina babban masallaci a wajen 785, aka yi ta faɗaɗa shi har kusan shekara 200, kuma har yau ginshiƙai fiye da 850 na tsaye a ciki. Wanda ya shiga daga hasken rana sai idonsa ya ɗan huta kafin ya ga layukan ja da fari suna tafiya ta kowace fuska ba iyaka. Nan baki ke buɗewa da kansa.

Ginshiƙan farko kwaso su aka yi daga kufan gine-ginen Romawa, gajeru ne kuma tsawonsu bai zo ɗaya ba, sai magina suka ɗaga wasu a kan dutse, suka kuma ɗora baka a kan baka don rufin ya yi sama. Abin da duniya ke zuwa kallo yau, gyaran matsala ne. Dabara ta fi ƙarfi.

Alƙiblar masallacin kudu take kallo, alhali Makka na kudu maso gabas, kuma masana sun daɗe suna muhawara kan dalili. A tsakiyarsa kuma, tun 1523, an dasa majami'a sukutum, wadda ake ibada a cikinta har gobe, shi ya sa masu gadi ba sa barin a yi salla a wurin. A shiga da natsuwa, a yi kallo, a nemi masallacin unguwa idan lokaci ya yi.

Duk watan Mayu mutanen Kurɗuba kan buɗe tsakar gidajensu ga baƙi, a ga bango fari fat an rataye masa tukwanen furanni ɗaruruwa har kusa da rufi, ana gasar wanda ya fi kyau. Yadda ake ba na sama ruwa shi ne abin kallo: gwangwani ne a ɗaure a bakin doguwar gora, uwar gida ta ɗaga, ta karkata, tukunya bayan tukunya, ba ta tsallake ko ɗaya. Wuya ya gaji, fure ya sha.

Akwai wani lungu a garin da ake kira lungun hankici, domin a inda ya fi matsewa faɗinsa bai wuce hankicin da aka miƙe daga kusurwa zuwa kusurwa ba. An matse titunan ne da gangan don rana ta rasa hanyar shiga. Mai ƙiba ya bi a karkace.

Kilomita kaɗan daga garin akwai kufan Madinatuz Zahra, birnin sarauta da aka fara a wajen 936, aka kuma wawashe shi kafin ya cika shekara 80. Marubutan zamanin da sun ce akwai kwamin zaiba a wani zaure, in an motsa shi sai haske ya riƙa walƙiya a bango har baƙon sarki ya razana. Tarbar baƙi da salo.

A Andalus miya ma sanyi ake ba ta: a niƙa tumatir da tafarnuwa da man zaitun da ɗan burodi, a sa a firji, wani a sha a kofi, wani a ci da cokali. Ta Kurɗuba ta fi kauri, amma ana yawan barbaɗa mata yankakken naman alade a sama. A faɗa wa mai kawowa tun kafin ya juya baya.

Tunda an zo nan, duk cinyoyin da za ka gani rataye a rufin shaguna na alade ne, kowace da ɗan ƙoƙo a ƙasa mai tare kitsen da ke ɗiga, kuma wasu kayan zaƙin ma da kitsen ake murza su. Kifi, ƙwai da dankali da kayan lambu kuwa ga su nan birjik. Matambayi ba ya ɓata.

A wasu gidajen mata masu zaman ibada na Kirista, ana sayar da alewa da biskit ta wani akwatin katako mai juyawa da ke jikin bango: ka danna ƙararrawa, murya ta amsa, ka ajiye kuɗi, akwati ya juya, kaya su fito da canji. Ba ka ga mai kaya ba, ba ta gan ka ba. Ciniki na amana tsantsa.

Lardin Hayen na da itatuwan zaitun fiye da miliyan 60, layi-layi har inda ido ya ƙare, kuma mai daga nan na shiga tukwanen duniya. Garin shi ne Jayyan na littattafai, mahaifar malamin da ya tsara Alfiyyar nahawu da ɗalibai ke haddacewa a zaurukan Kano da Zariya da Sakkwato. Ashe baitocin daga ƙasar zaitun suka taso.

Garnaɗa ita ce daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus, ta faɗi ranar 2 ga Janairu 1492, ta bar fadar Alhamra a kan tudu. Tikitin shiga ɗakunan sarauta na ɗauke da sunanka da lambar fasfo da lokaci ƙayyadadde, in ka makara kuma ƙofa ba ta san magiya ba. A saya tun makonni kafin tafiya.

Magana ɗaya ce ta fi yawa a bangon fadar, an sassaƙa ta ɗaruruwan wurare, a saman ƙofa, a kan ginshiƙi, a gefen taga: babu mai rinjaye sai Allah. Mai karatun allo zai riƙa karanta bango yayin da sauran baƙi ke ɗaukan rubutun a matsayin ado. Ranar nan almajiri shi ne jagora.

Ruwan da ke gudana a lambuna da maɓuɓɓugan fadar, har da wanda ke fita daga bakin zakokin marmara 12, daga kogin Darro aka janyo shi ta magudana mai tsawon kusan kilomita 6, ba inji ba famfo. An tare kogin ne can sama da tudu, aka bar gangare ya yi sauran aikin. Wannan, a ganina, ya fi duk zanen bangon ban mamaki.

A wani ɗaki na fadar, rufin an yi shi da ƙananan ramuka na farar ƙasa kimanin 5,000, an jera su hawa-hawa, haske na shiga ta tagogin sama yana sauya musu launi daga safe zuwa yamma. Kowa ka gani a ɗakin kansa a sama yake. Hula na faɗuwa, ba mai lura.

A babbar ƙofar shiga ta 1348 an sassaƙa hannu a baka na waje, mabuɗi a na ciki, kuma almara ta ce ranar da hannun ya kai ga mabuɗin fadar za ta ruguje. Shekara kusan 700 ke nan yana miƙe. Da sauran tafiya.

Kowace ranar 2 ga Janairu 'yan mata kan yi layi su hau hasumiyar gadi ta Alhamra su kaɗa ƙararrawa, wai duk wadda ta kaɗa za ta yi aure kafin shekara ta ƙare. Samari ma sun fara shiga layin. Kowa na son ɗaurin aure.

A unguwar Albaisin da ke fuskantar fadar, rijiyoyin tara ruwa na zamanin Musulmi fiye da 20 na nan a bakin lunguna, an gina su da jan bulo. A ƙololuwar unguwar kuma aka buɗe sabon masallaci a 2003, bayan shekara 500 da ɗoriya ba a ji kiran salla a wurin ba. Shayin na'ana'a na jira a gangaren.

A Garnaɗa in ka sayi abin sha, ko lemon kwalba ne, sai a haɗo maka da ɗan faranti na abinci kyauta, in ka ƙara a sauya maka wani. Ɗaliban jami'a sun daɗe da gano cewa kwalba uku abincin dare ne. Gyara ta fi sayayya.

Wani mawaƙi ɗan Garnaɗa ya haɗu da sarkin Mali a aikin hajjin 1324, ya biyo shi gida, ya gina masa zaure mai ƙubba, ya kuma rasu a Tambutu a 1346. Har yau ana danganta masa babban masallacin garin. Abokin tafiyar hajji ya zama ɗan gida.

A Gwadis gidaje kusan 2,000 a cikin tudu aka haƙa su, abin da kawai ke waje shi ne farar ƙofa da bututun hayaƙi da ya tsiro daga ƙasa. Ciki kuwa digiri 18 zuwa 20 ne rani da hunturu, kuma in an samu ƙaruwa sai a ɗauki diga a ƙara ɗaki. A lura, ƙila kan rufin wani kake tsaye.

Daga Garnaɗa mutum na iya wasan sulɓi a kan ƙanƙarar dutsen Siyera Nebada da safe, ya gangara da mota ya tsoma ƙafa a Bahar Rum kafin la'asar. A gaɓar kuma mangwaro da fiya ake nomawa. Rigar sanyi da silifa a jaka ɗaya.

Musulmi ne suka kawo rake wannan gaɓa, aka yi ta noma shi kusan shekara dubu, har masana'antar sukari ta ƙarshe ta rufe a Salobirenya a 2006. A ƙauyen Firihiliyana har yanzu ana dafa ruwan rake ya yi baƙi ya yi kauri, a zuba shi a kan soyayyen gauta. Gishiri da zaƙi sun shirya.

A 1959 wasu samari biyar na kusa da Nerha suka bi jemagu cikin wani rami, sai ga su a wani makeken kogo mai ginshiƙin dutse na mita 32 da ɗigon ruwa ya gina. Yau garin na cin abinci da wannan ƙiriniyar. Wani yawon yara da riba yake dawowa.

A bakin tekun Malaga za ka ga tsohon kwalekwale an cika shi da yashi, an hura itacen zaitun a kai, mai gashi ya soke kifin sadin biyar ko shida a tsinken gora, ya barbaɗa gishiri mai tsakuwa, ya kafa tsinken a yashi ta ɓangaren da iska ke fitowa don wuta ta gasa ba hayaƙi ba. Ya juya sau ɗaya, ya zare, ya matsa lemon tsami, kai kuma ka ci da hannu kana hura yatsu. Cokali mai yatsu ya huta.

Mutanen Malaga na da sunaye har tara na kofi, gwargwadon yawan madarar da aka zuba: mai ɗan ɗigon kofi sunansa gajimare, wanda ya ɗan fi shi duhu kuma inuwa. Baƙo kan nuna da yatsa a jikin kofin gilashi inda yake so a tsaya. Yatsa ma yare ne.

Babbar majami'ar garin hasumiya biyu aka tsara mata, aka gama ɗaya, kuɗi suka yanke a 1782, ɗayar ta tsaya a rabi. 'Yan gari na kiranta mai hannu ɗaya, da yawansu kuma ba sa son a ƙarasa. An saba da ita haka.

A lokacin zafi masu talla kan tsinko furen yasmin tun bai buɗe ba, su soka ɗaya-ɗaya a busasshen kan wani tsiro har ya zama dunƙule fari, su kafa su a ganyen ƙaya su yi ta yawo. In dare ya yi sai furen ya buɗe, ƙamshi ya cika titi, an ce har sauro yake kora. Turare da maganin sauro a kuɗi ɗaya.

A Mihas jakuna na aikin tasi tun shekarun 1960, kowane da lambarsa a goshi da tasharsa. An kafa dokar kada wanda ya wuce kilo 80 ya hau, kuma daidai ne, domin dabba ma tana da haƙƙi. Mai nauyi ya yi hoto a gefe.

Arewa da Malaga akwai wata siririyar hanya, faɗinta mita ɗaya, manne a jikin dutse kimanin mita 100 sama da kogi, an gama ta a 1905 don ma'aikatan lantarki. Ta lalace har ta ci rayuka, aka sake ta aka buɗe a 2015, yanzu ba mai shiga sai da hular kwano. Mai jiri ya jira a mota.

Garin Ronda kwazazzabo ne ya raba shi biyu, gadar da ta haɗa shi kuma, mai tsayin mita 98, sunanta Sabuwar Gada duk da an gama ta tun 1793. Akwai ɗan ɗaki a cikinta, saman bakan tsakiya, wanda ya taɓa zama kurkuku. Taga dai akwai, mai ƙarfin halin fita ne babu.

A nan kuma akwai matakala fiye da 200 da aka fafe cikin dutse a ƙarni na 14 har zuwa bakin kogi, don garin ya sha ruwa ko an kewaye shi da yaƙi. Fursunoni ne ke miƙa wa juna salkuna daga ƙasa zuwa sama cikin duhu da danshi. Wanda ya sauka ya hau sau ɗaya zai tausaya musu.

A Setenil mutane sun ga dutse ya yi rumfa a bakin rafi, sai suka gina bangon gaba kawai suka shige. Wani titin ma dutsen ya rufe shi gaba ɗaya, kana shan kofi da tan dubbai a saman kanka. Rufin da ba ya yoyo.

Ƙauyukan yankin farare ne saboda farar ƙasar da ake shafawa don korar zafi, amma a 2011 aka yi wa Huskar fentin shuɗi kaf, har majami'a, don tallan wani fim na yara. Da aka zo mayar da fari, 'yan ƙauyen suka kaɗa ƙuri'a suka ce a bar musu, baƙi sun fara zuwa. Shuɗi ya kawo kasuwa.

Dutsen Jibralta na hannun Ingila tun 1713, kuma masu shiga a ƙafa kan tsallaka titin saukar jirgin sama, in jirgi na tafe a tsayar da su da shinge. Motoci sun samu hanyar ƙarƙashin ƙasa a 2023. A duba dama, a duba hagu, a duba sama.

A kan dutsen akwai birai fiye da 200, su kaɗai ne biran daji a Turai, sun kuma iya buɗe zif ɗin jaka. Camfi ya ce ranar da suka ƙare Ingilawa za su tafi, shi ya sa da suka ragu a Yaƙin Duniya na Biyu aka aika Arewacin Afirka aka ƙaro. Birai masu riƙe da ƙasa.

Daga Tarifa, Afirka kilomita 14 ce kacal, ana hango duwatsun Maroko da rana, fitilunta da dare, jirgin ruwa kuma kusan awa ɗaya ne zuwa Tanja. Akwai ɗan titi zuwa wani tsibiri inda Atilantika ke hannu ɗaya, Bahar Rum ke ɗayan. Iskar wurin kuwa ba ta barin ɗankwali ya zauna lafiya.

Ƙarshen bazara sararin Tarifa kan cika da shirwa da dangin shamuwa dubbai, suna jiran iska ta daidaita su tsallaka, domin ba sa son dogon tashi a kan ruwa. Da yawansu a yankin Sahel suke cin hunturu. Baƙinmu ne, ba biza ba fasfo.

A Boloniya akwai kufan garin Romawa a bakin rairayi, da ramukan dutse inda ake jiƙa kayan cikin kifi da gishiri a bar su a rana makonni har su narke su zama ruwan ɗanɗano mai tsada. Daddawar Romawa ke nan, wari a waje, daɗi a miya. Yau jajayen shanu ne ke kwance a rairayin tare da masu hutu.

Masuntan garuruwan Barbate da Zahara da Konil na kama kifin tuna da dabarar da ta kai shekara dubbai: su kafa taru ɗaki-ɗaki a teku daga Afrilu zuwa Yuni, kifi ya shiga ya rasa mafita, jirage su kewaye su ɗago shi. Wani ya haura kilo 200, kuma in mahauci na feɗe shi, wuƙa na gogar ƙashin baya da wata ƙara sak minshari, har sunan aikin ke nan a wurinsu. Jafanawa na gefe da kuɗi a hannu.

A Beher matan zamanin da kan lulluɓe da baƙin mayafi daga kai har ƙasa, ido ɗaya kawai a waje, kuma Kiristoci ne. An hana shigar a shekarun 1930 don kada masu laifi su ɓuya a ciki, yanzu sai ranar bikin gari ake fito da ita. Ido ɗaya ya ishi mai kallo.

Kadis na cikin tsofaffin biranen Yammacin Turai, Finikiyawa daga gaɓar Lebanon ta yau suka kafa shi kusan shekara 3,000 da suka wuce. Attajiransa sun gina hasumiyoyi fiye da 100 a kan gidajensu don su riga kowa hango jiragensu na dawowa daga nahiyar Amurka. Wanda ya fara gani shi ke yanka farashi.

A kusurwoyin titunan garin za ka ga tsofaffin igwa an kafa su a tsaye, baki a ƙasa, don kada keken doki ya gutsure bango. Kayan yaƙi sun yi ritaya sun koma gadin kwana.

A Sanlukar tun 1845 ake sukuwar dawaki a kan rairayin teku duk watan Agusta, kuma teku ce ke sa lokaci, sai ta janye ta bar yashi mai tauri. 'Yan kallo na zaune a kujerun roba da kankana a hannu, ba tikiti. In ruwa ya dawo, an tashi.

A Almeriya akwai hamadar Tabernas, inda aka ɗauki fina-finan kaboyi da yawa a shekarun 1960, har yau garuruwan katakon na nan ana wasan faɗowa daga bene. Wanda ya kalle su a silima ya ɗauka Amurka ce. Ashe Andalus muka sha kallo.

Gefen tekun lardin kuma rumfunan leda ne na noman tumatir da tattasai, fiye da hekta 30,000, fari fat har daga sararin samaniya ana gani. Da yawan masu aikin cikin wannan zafi 'yan Maroko da Senegal da Mali ne, kuma guminsu ne Turai ke ci a salak ɗin hunturu. A gaishe su da kyau in an haɗu.

Kwamandan da ya jagoranci rundunar Maroko ta tsallaka Sahara ta karya daular Songhai a Tondibi a 1591, haifaffen wani ƙauye ne na wannan lardi. Jikokin sojojinsa na nan a Tambutu da Gawo. Duniya ƙarama ce tun da.

Gabas kuma, Elce na da itatuwan dabino fiye da 200,000, gonar da Musulmi suka tsara da magudanan ruwa, babu kamarta a Turai. Ana ɗaure ganyen wasu a rufe su daga rana har su yi fari, a saƙa su don bikin Kirista na kafin Ista. Dabino da aiki biyu.

Kowace Alhamis da ƙarfe 12 na rana, manoma 8 cikin baƙaƙen riguna kan zauna a da'ira a ƙofar babbar majami'ar Balensiya su yi shari'ar ruwan ban-ruwa: mai shela riƙe da ƙugiyar tagulla ya kira sunan kowace magudana, mai ƙara ya fito, a saurara, a yanke nan take da baki. Ba lauya, ba takarda, ba ɗaukaka ƙara, kuma dokar ƙasa ta amince da hukuncin. Ran da ba mai ƙara, minti kaɗan an watse.

Abin shan da Balensiya ke alfahari da shi, fari mai sanyi da ake tsoma dogon burodi a ciki, kunun aya ne ba wani abu ba. Suna noma ayar a Alboraya, amma ba ta isa, sai an ƙaro daga Nijar da Mali da Burkina Faso. Manomin Maraɗi, ga inda buhunka ya sauka.

Shahararriyar shinkafarsu ta asali da kaza da zomo da koren wake ake yin ta, a faffaɗan kasko, da rana ake ci, kuma ba a juya ta in ta fara nuna. Abin da ake rububi a kai shi ne ƙanzon gindin kasko. A nan babban baƙo ake kankare wa.

Duk watan Maris unguwannin birnin kan kafa manyan mutum-mutumi na barkwanci, wasu sun kai tsawon bene mai hawa biyar, aikin shekara guda, a daren 19 ga wata kuma a cinna musu wuta. Ƙuri'ar jama'a kan ceci ƙwaya ɗaya ko biyu a kai gidan tarihi. Washegari a fara tara kuɗin baɗi.

A Bunyol, Larabar ƙarshe ta Agusta, ana jifan juna da tumatir fiye da tan 100 na tsawon awa ɗaya, da sharaɗin a matse shi kafin a jefa. Bayan an wanke, tsamin ya bar titi yana ƙyalli. Uwar gida mai cefane ta kau da kai.

Toledo na kan dutse, kogi ya kewaye ta ta fuska uku, tun shekarar 2000 kuma matakala mai lantarki ke hawa da mutane cikin tsohon gari. Can ciki akwai ɗan masallaci na shekarar 999, kusan mita 8 kowane gefe, da ƙubba 9 ba wadda ta yi kama da 'yar uwarta. Ƙarami ne, amma ya sha aiki.

A Segobiya magudanar ruwan Romawa ta ratsa tsakiyar gari da baka 167, tsayinta ya kai mita 28, kuma ba siminti ba laka, nauyin duwatsun ne ke riƙe juna. Ta kai ruwa gari har cikin ƙarni na 20. Magina, a zo a ga aiki.

A ƙofar jami'ar Salamanka, wadda aka kafa a 1218, an ɓoye ɗan kwaɗo a kan ƙoƙon kai cikin sassaƙar bango, wai ɗalibin da ya gano shi ba taimako zai ci jarrabawa. Kullum akwai cincirindo ana ɗaga kai. A dai haɗa da karatu.

A yankin Tarragona mutane kan hau kafaɗar juna su yi hasumiya hawa 8, 9, har 10, ƙarti a ƙasa, yaro ko yarinya mai hular kariya a ƙololuwa. Sai ɗan ƙaramin ya ɗaga hannu ake cewa ta cika. Saukowa lafiya ita ce rabin maki.

Can arewa a San Sebastiyan, daga tsakar daren 20 ga Janairu ake kaɗa ganguna da gangar katako ta ruwa awa 24 ba tsayawa, wasu cikin kayan soja, wasu cikin kayan kuku. Mai neman barci ya zaɓi wani mako.

A Kombarro rumbunan dutse ne jere a bakin teku, kowane a kan dogayen ƙafafu, da faffaɗan faifan dutse a saman kowace ƙafa. Ɓera ya hau ya hau, ya zo ya buga kai ya dawo. Masara ta kwana lafiya.

Hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta Korunya Romawa suka gina ta kusan shekara 1,900 da suka wuce, aka yi mata sabuwar riga a ƙarni na 18, kuma har daren jiya tana aiki. Ba ta taɓa neman fansho ba.

A gaɓar da ake kira Gaɓar Mutuwa, masunta kan ɗaura igiya a ƙugu su sauka kan duwatsu tsakanin igiyar ruwa da igiyar ruwa, su kankaro wani abin teku mai kama da yatsan dodo. Lokacin Kirsimeti kilo ɗaya kan wuce Yuro 100, kuma wanda ya ga yadda ake samo shi ba zai yi ciniki ba. Muni a ido, tsada a faranti.

Wanda tafiyarsa ta kai daren sabuwar shekara zai ga ƙasar gaba ɗaya ta yi shiru da inabi 12 a hannu, agogon dandalin Madrid na bugawa, kowane bugu a jefa ɗaya a baki. Zuwa na takwas kumatu sun cika, dariya ta hana haɗiya, kaka na dukan bayan jika. A zaɓi ƙanana marasa ƙwallo, jama'a!